Hirar da Ba Ka Ambaci Hajaru Ba

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin ƙasar Turawa? Ya iyali? Inna da kowa nan Anka lafiya lau.

Ran Juma'a muka baza tabarmi a tsakar gida, har da maƙwabta, don jin hirarka a rediyo. Ka bayyana yadda kake lissafin motsin ƙwayoyin zarra da kwamfuta, don gano yadda sinadaran cikin jiki ke mai da tuwo ya zama ƙarfi. Inna ba ta gane ba, amma sai murmushi take.

Da aka tambaye ka abin da ya kai ka karatun nan, ka ce, "Sha'awa ce kawai."

Sha'awa, Yaya? Da hannunka ka kai ɗiyata Hajaru makabarta, bayan gubar dalma ta cinye ƙarfinta har ta kasa kama nono. Ka dawo ka rantse mini sai ka gano yadda aka yi. Yanzu kunyarmu kake ji?

Inna ta kashe rediyon, ta naɗe tabarmarta.

A gaida yara. Ka sa Hajaru cikin addu'a; can dai babu Bature mai sauraronka.

Ƙanwarka,
Balkisu