Jirgin da ya ƙi tsayawa

Keita, daren Laraba, bayan girbin gero

Yau na tsorata, amma alhamdu lillahi.

Kwana uku ina cike ramukan filin jirgi, ina korar awakin maƙwabcina Tanko. Da hantsi ƙaramin jirgin kamfani ya iso. Ƙafafunsa na taɓa ƙasa sai ya sake tashi! Ya kewayo, ya taɓa, ya kuma tashi. Tanko ya ce, "Malam Idi, filinka ya ƙi. Akwai ramin da ka manta." Na ce a raina shi ke nan, aikin gadi ya ƙare, me zan gaya wa iyali?

A na uku ya tsaya. Na ruga ina ba matuƙin haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Baba, filinka lafiya lau. Ni ne na yi wata huɗu kwance. A dokarmu, wanda bai sauka sau uku cikin wata uku ba, ba ya ɗaukar kowa sai ya maimaita. Gobe likitoci zan ɗauko."

Na ce, "Shekararka nawa kana tuƙi?"

"Goma sha biyar. Hannu yana mantuwa, Baba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Rabona da tuƙin mota tun da na bar soja, shekara tara ke nan, amma na yi wa ƙanena alkawarin kai masa fasinja Madawa a motarsa ran kasuwa. Gobe da sassafe zan karɓi motar in kewaya filin nan sau uku, ni kaɗai. Tanko ya yi ta dariyarsa in ya ga dama.