Bashir Aka Zaɓa Ya Tafi Ishbiliya

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Madina sai godiya.

Ka tuna Bashir, Bazazzagin nan da muke ɗaki ɗaya a unguwar Jurf? Shi aka zaɓa ya tafi Ishbiliya, can ƙasar Sifen, ya yi bincike a kan matuƙan jiragen ruwansu na zamanin da. Yaya, a bakina ya fara jin labarinsu. Ni na gaya masa yadda talakawan nan ke barin iyalinsu su yi wata da watanni a teku, suna cin busasshen burodi mai tsutsa, dasashinsu na ruɓewa, don a kai azurfar wasu wata nahiya. Dariya ya yi a lokacin, ya ce, "Sani, me ya haɗa Bakatsine da teku?"

Shekaranjiya Duktur, malaminmu, ya sanar da zaɓen a gaban kowa, wai Bashir ya fi ni jin yaren mutanen Sifen. Na rungume shi na taya shi murna na ce mabruk, amma shinkafar da ya saya mana sai na ture ta gefe. Da muka koma gida ya nemi aron littattafaina, na ba shi.

Ka roƙa mini Allah Ya wanke zuciyata kafin ranar tafiyar, don ni zan raka shi filin jirgi. Ka gaida Kawu da mutanen gida, amma wannan maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ƙaninka,
Sani