Furen Tekunmu Ya Zama Biyu

Zuwa ga sanyin idona, murjanin zuciyata, gwanar almakashi, wadda ƙarar keken ɗinkinta daga saman bene ta fi min duk agogunan shagona daɗin ji,

Ina gaishe ki da gaisuwar mutumin da ya kasa zama wuri ɗaya tun safe. Don Allah kada ki yaga takardar nan! Na san a aljihun rigar da Yaya ta kawo miki gyara kika same ta, na kuma san kin gane maɓallan nan biyar ba da kansu suka faɗi ba. Ni na cire su da reza, ɗaya bayan ɗaya, ina ba rigar haƙuri. To yaya zan yi? Yau kwana goma sha shida ba kya ɗaga wayata. Kin daina bi ta ƙofar shagona, kina zagayawa ta matakalar baya wadda ko kyanwa ba ta son hawa. Kin mayar min da makullin shago da agogon da na haɗa miki da hannuna, kin ce wa Yaya ta faɗa min in nemi wadda ta fi ki hankali, wai ke kin kashe min abin da na fi so a duniya. Abin da na fi so a duniya yana saman bene yana ɗinki, kuma lafiyarsa ƙalau, sai dai taurin kai.

Albishirinki! Furen tekunmu ya zama biyu! Biyu fa, masoyiyata, na ƙirga da idona, na sa madubin gyaran agogo na sake ƙirgawa, na kira mai kemis na kusa da mu ya zo ya taya ni ƙirga. Da safen nan na buɗe shago, na kunna shuɗiyar fitilar akwatin kifi kamar kullum, ba na tsammanin komai, sai ga shi a kan dutsen dama ya baza yatsunsa yana rausaya. Na ce alhamdulillahi, ya fito daga ɓuya. Ina juyawa, sai ga wani a kan dutsen hagu, irinsa sak, shi ma yana rausaya! Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Tun lokacin ban yi aikin kirki ba. Na ɗaura wa agogon wani dattijo hannun minti a gurbin na awa, ya dube ni ya ce, “Ɗana, ko dai ba ka gama warkewa ba ne?” Na ce masa Baba, yau ma na fara.

Kin tuna ranar da kika fara ganinsa? Kin sauko da agogon bangon shagonku a rungume, allura biyu a bakinki, tef ɗin awo a wuya. Kika ajiye agogon ba tare da kin kalle ni ba, kika nufi akwatin gilashin, kika manna hanci a jikinsa. Kika cire alluran kika ce, “Malam, wannan furen na roba ne?” Na ce dabba ce, tana da baki, tana cin abinci. Kika ce in daina yi miki wasa da hankali. Na ɗauko ɗan tsinken jatan lande na miƙa masa, ya naɗe yatsu ya kai baki, kika yi tsalle da baya kina salati, sannan kika fashe da dariya har da riƙe ciki. Shuɗin hasken nan ya zuba a fuskarki, murjanai suna ƙyalli a cikin idonki, kifaye suna gilmawa ta gaban goshinki. Wace teku ce ta taɓa samun baƙuwa irin wannan? Akwai wata 'yar ƙaramar ƙusa ta agogo a hantsakina a lokacin, ta faɗi, har yau ban gan ta ba, ban kuma neme ta ba.

Yanzu ki bar ni in yi shari'ar nan da kika yanke ke kaɗai, ba lauya ba shaida. Ranar jajiberin aikin da aka yi min a asibiti, na ba ki makulli, na tsayar da ke gaban akwatin awa guda cur ina bayani. Me na bayyana miki? Sunan kowane murjani, mai kama da kabeji da mai kama da yatsun jariri. Halin Hajiya, babbar kifanyar nan mai ruwan lemo da farar ɗamara, da yadda take korar mijinta Ɗan Rakiya idan ya riga ta shiga cikin furen. Tarihin dodon koɗin da ke lasar gilashi. Duk wannan na zuba miki shi don ki ce kai, mutumin nan akwai ilimi. Abu ɗaya tak da kike bukata, shi na haɗiye, domin kin gyara ɗankwalinki daidai lokacin, kaina ya ɗauke wuta. Cewa kawai na yi, “Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin nan, ki ƙara.”

Ki ƙara daga ina? Jarka biyu ce a shagon. Shuɗiya tana nan kusa da akwatin, na rubuta mata RUWAN TEKU da manyan baƙaƙe, har da zanen kifi don iyayi. Fara kuma tana bayan ƙofa, ba suna ba alama, kamar ta wanke hannu. Wane mai hankali ne zai ga teku ta ragu ya ƙara mata ruwan bayan ƙofa? Amma sirrin shi ne, ruwa ne kaɗai yake tashi ya bi iska, gishirin yana nan zaune daram. Don haka ruwa zalla ake ƙarawa, na farar jarka. Na shuɗiyar sai ranar da aka kwashe wani aka zubar ake mayar da shi. Ke kuwa, baiwar Allah, kwana goma sha biyu kina saukowa safe da yamma kina ƙara gishiri a kan gishiri da zuciya ɗaya. Da jarkar ta ƙare har kika karanta jikin buhun gishirin, kika auna, kika haɗa wani da kanki, daidai wa daida. Da ragguwa na ba makullin, wadda za ta leƙo sau biyu ta manta, da ba abin da ya faru.

Murjanai suka tsuke, furen ya ƙanƙance ya ja jiki ya shige bayan dutse, Gwaiduwa, ɗan kifinmu rawaya mai tsalle-tsalle, ya mutu. Na ji zafin mutuwarsa, ba zan yi miki ƙarya ba, shekara uku yana gaishe ni kowace safiya. Amma ba wannan ne yake ci min rai ba. Abin da yake ci min rai shi ne ranar da kika kira ni a asibiti kina kuka, ni kuma na ce, “Wace jarka kika ɗauka?” Haka na faɗa, a bushe, kamar mai tuhumar ɓarawo. Ban ce sannu ba. Ban ce kin gaji ba. Ban ce na gode da kwana goma sha biyun da kika yi kina hawa kina sauka saboda ni ba. Ki yafe min, rabin raina. Na yi wauta, na kuma san na yi, tun kafin in ajiye wayar.

Yaya ta ba ni labarin abin da kika yi wa Gwaiduwa. Ta ce kin yanko ƙyalle rawaya, kin kalmashe bakinsa da ɗinkin hannu, kin naɗe shi a ciki, kin binne shi a tukunyar furen da ke ƙofar shago. Ta ce, “Kai, ƙanena, wadda ta yi wa kifi kalmasa, in ka bari ta kuɓuce maka, kada ka ƙara zuwa gidana.” Kin ji fa, har mutuncina a gidan Yaya yana hannunki. Ni kuwa da kike gani kamar gwani, a shekarata ta farko da sabulu na wanke duwatsun akwatin don su yi kyau, na wayi gari babu mai motsi ko ɗaya, kuma a kwandon shara na zuba su ba ƙyalle ba komai. Mai sayar da kifin da nake saya a wurinsa ya yi dariya da na ba shi labarinki, ya ce duk mai ajiye teku a ɗaki sai ya yi kuskuren gishirin nan sau ɗaya, shi sau biyu ya yi.

Da na dawo ban yi gaggawa ba, domin in aka sauke gishirin lokaci ɗaya, abin da ya tsira ma sai ya tafi. Kofi ɗaya nake ɗiba in mayar da ruwa zalla, in jira, in duba ma'aunin gishiri, in sake. Kwana tara ina wannan da ɗinki a cikina, ina tafiya a sunkuye kamar tsoho, kunnena yana saman bene. Kekenki ya tsaya, in ce ko saukowa za ta yi? Ya ci gaba, in koma kan kofina. Murjanai suka dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya buɗe sai in ɗaga kai in kalli silin kamar za ki ji. Furen ne kaɗai ya ƙi fitowa, har na fara fitar da rai. Ashe yana can bayan dutse yana shirya mana abin mamaki! Mai sayar da kifin ya ce haka suke yi wani lokaci, idan sun sha wuya suka tsallake, sai su rabu biyu kowanne ya zama cikakke. Shekara huɗu ina lallaɓa shi kamar ƙwai bai taɓa yi min haka ba. Ki zo ki ga Hajiya! Ta ruɗe, ta shiga wannan ta fito ta shiga wancan, ta rasa wanne ne gidanta, Ɗan Rakiya kuwa ya samu ɗaki nasa na kansa karon farko a rayuwarsa, sai birgima yake yi a ciki.

To ga maganar da ta sa na lalata rigata. Akwatin nan ƙarami ne, ba zai ɗauki fure biyu ba idan suka girma, za su dinga harbin murjanai. Dole ɗaya ya samu sabon gida, sabon akwati kuma sai ya yi wata shida da ruwa da duwatsu yana nuna kafin furen teku ya iya rayuwa a cikinsa. Don haka da azahar na rufe shago na je na sayo akwati, ya ninka wannan girma, na kai shi gidan da muka kama don zaman aurenmu, inda kika auna tagogi kika ce labule mai ruwan toka kike so. Yana nan a tsakiyar falo, babu komai a cikinsa. Shi akwatin teku, farin cikina, da zarar an cika shi ko ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi. Inda aka ajiye shi, nan zai zauna shekara da shekaru. Ni kuwa ba zan zuba masa ko ɗigo ɗaya ba sai kin zo kin tsaya a falon nan kin nuna min bango da yatsanki. In kin ce kusa da taga, zan faɗa miki rana za ta yi masa yawa, mu yi gardama, ki ci nasara. In ba ki zo ba, haka zai zauna a bushe a tsakiyar ɗaki, ina tuntuɓe da shi har in tsufa.

Gobe da ƙarfe huɗu zan kasance a can tare da Yaya, da bokiti a hannuna. Ki zo ko da fushinki ne, ki zo ko ba za ki yi min magana ba. Yatsa ɗaya kawai nake roƙo.

Naki ne ni, yau da gobe da ranar da idona zai kasa ganin ƙusar agogo, ba ni da wata sai ke, ba kuma zan nema ba,

Mai gyaran agogo na ƙasan bene.