Makullin da Ke Wuyan Mama

Litinin, 3 ga Yuni

Mama ta mare ni a gaban tukunyar mamaliga, tuwon masararmu na Romaniya. Na kawo mata sakamakon gwajin da Malama Zamfira ta yi mana a lesin, ta duba, ta ajiye muciya, tas! Har yanzu kunnena na hagu yana ƙara. "Da wannan za ki shiga makarantar likitanci ta Iași? Sau biyu kin faɗi jarrabawa kin kunyata ni a asibitinmu, Smaranda. In kika sake faɗuwa, sai dai ki bi Innarki Saveta Italiya, ki je ki yi ta wanke kashin tsofaffi." Ga ni ƙatuwar budurwa, ana marina kamar 'yar firamare.

Tun kafin a haife ni take aikin jinya, likitoci na aikenta kamar baiwa. A wurinta duk likitan da bai fito daga Iași ba, mai sayar da magani ne kawai. Ni kuwa na san abin da na sani: makarantun likitanci duk rana ɗaya suke jarrabawa, gari ɗaya za ka zaɓa. In ka zaɓi wanda ya fi ƙarfinka, shekara ta tafi. Kuma ba mu da halin biya, sai gurbin da gwamnati ke ɗaukar nauyi.

Alhamis, 13 ga Yuni

Bayan lesin mun zauna da Codruț a tashar bas muna auna garuruwa. Shi ma karo na uku ke nan, tare muke faɗuwa tun daga sakandare. Cluj ba ma a maganarta. Bucharest ta 'ya'yan likitoci ce. Na ce Galați fa? Ƙarama ce, bara ba a yi mata cunkoso ba.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke dai baƙauya ce. Duk wanda ya faɗi bara abin da yake tunani ke nan. Bana Galați sai ta fashe. Ni Iași zan koma, in mutu da mutuncina." Ya ba ni rabin biredinsa. Na yarda da shi, don shi ya fi ni iya wannan lissafi.

Asabar, 22 ga Yuni

Karatun jijiyoyin kai ya ƙi shiga. Na jefi bango da kofi.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na yi kuskuren ambaton Galați a tebur. Mama ta tashi ta ɗauki asalin takardar shaidar gama sakandarena, wadda in babu ita ba a ba ka gurbin gwamnati a ko'ina, ta kulle a kabad ɗin magunguna. Makullin ta zura a sarƙar gicciyen da ke wuyanta. Ta ce ita da kanta za ta raka ni Iași ranar rufe rajista.

Baba ya ƙara wa talabijin murya. Aikinsa ke nan.

Litinin, 15 ga Yuli

An buɗe rajista. Kullum da yamma kowace makaranta tana fitar da yawan waɗanda suka yi, kowa kuma ya noƙe yana jiran wani ya fara, kamar kaji a bakin akurki. Iași ta riga ta cika maƙil tun yau. Galați shiru. Na kira Codruț, ya ce, "Ki bari ki ga ranar ƙarshe, ambaliya za a yi." In na je Iași na san abin da zai faru, na san har bangon da zan jingina in yi kuka.

Talata, 16 ga Yuli

Ɗan iska! Maƙaryacin banza!

Ƙanwarsa ce ta yi suɓul da baka a shagon biredi: wai jiya da sassafe babansu ya kai shi Galați ya yi rajista. Ashe duk 'yan lesin haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tsorata mu, don hanya ta yi masa fili.

Na same shi a tashar bas. Ya fara, "Smara, tsaya ki ji, kowa haka yake yi..." Littafin ilmin halittu ne a hannuna, mai kaurin nan. Da hannu biyu na ɗaga na maka masa a fuska. Na ji ƙas. Jini ya ɓalle har kan takalmina, ya durƙusa, na ƙara masa a ƙeya. Wata tsohuwa tana ihu a kira 'yan sanda. Yana riƙe da hanci yana cewa, "Gurbi nawa ne? Ke ma da haka za ki yi!"

Gaskiya zan rubuta: daɗi na ji. Na dawo gida na ci abinci kwano biyu.

Laraba, 17 ga Yuli

Gobe ake rufe rajista.

Mama ta dawo daga aiki da rana, ko takalmi ba ta cire ba na ce ta ba ni takardata. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Mari na farko na tsaya. Na biyu ma. Ta ciro wayar dutsen guga ta shiga zabga mini a hannu da wuya, tana cewa ba don Galați, garin masu gyaran jirgin ruwa, ta yi ta kwashe fitsarin mutane ba, wai ni matsoraciya ce kamar ubana. Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Ashe ba ta da ƙarfi. Ban taɓa sani ba. Na murɗe, na hankaɗa ta, ta tafi da baya, ta juya, goshinta ya daki kusurwar murhu.

Gira ta tsage. Jini ya rufe mata ido. Na danna tawul a wurin, tana kwance a ƙasa tana huci, amma bakin bai mutu ba: "Danna da ƙarfi, sakarya, ba man shanu kike shafa wa biredi ba."

Na danna da hannun hagu. Da na dama na laluba wuyanta na fizge sarƙar. Tana kallona da ido ɗaya. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ba ni ba. Na buɗe kabad na ɗauki takardata.

Baba ne ya kai ta ɗinki. Ya ce musu santsi ne ya kwashe ta.

Alhamis, 18 ga Yuli

Galați. Layi har waje, rana kamar wuta. Na sa riga mai dogon hannu saboda shatar waya. Ambaliyar ba ta zo ba. Na yi rajista. A ɗakin wata ƙawar Inna Saveta zan kwana har Lahadi.

Lahadi, 21 ga Yuli

An yi jarrabawa. Codruț yana layin gabana, hanci a naɗe da filasta, idanu biyu sun yi baƙi. Da baki yake numfashi, ina jin sa har aka tashi. Bai waiwayo ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Na samu. Gurbin gwamnati, kuma ba a ƙasa-ƙasa ba. Sunan Codruț yana cikin waɗanda suka faɗi, da ɗan kaɗan. Ƙanwarsa ta rubuto mini zagi, ta ce bai yi barcin kirki ba tun Talata.

Na kira gida. Baba ya yi ta kuka. Na ji muryar Mama daga nesa: "Tambaye ta ko da wannan makin da ta shiga Iași." Tambayoyin ba iri ɗaya ba ne, ta fi kowa sani. Babu wanda zai taɓa sanin amsar, har ni.

Laraba, 24 ga Yuli

Na dawo. Mama ta dafa miyar kaza mai tsami, wadda nake so, ta ajiye mini. Bayan mun ci ta ɗauko ƙaramin almakashi da hantsaki ta tafasa, ta zauna kusa da taga. Ta ce ba za ta koma asibiti abokan aiki su yi ta yi mata tambaya ba. "Zo ki cire zaren nan, likitar Galați. Mu ga abin da gwamnati ta saya."

Na wanke hannu. Na matso. Ina ɗaga hannu zuwa fuskarta sai ta runtse ido, ta sunkuyar da kai, ta kare da gwiwar hannu. Nan take ta sauke, ta ce hasken taga ne ya shige mata ido.

Ni ban ce na yi nadama ba. Da ban karɓi makullin ba da yanzu ina haɗa kayan Italiya. Ita ta fara, tun ina ƙarama ita take farawa.

Zare uku ne kacal. Sai da na fita baranda na sha iska, sannan na dawo na ce, "Mama, zan taɓa ki yanzu."