Muryar Baba Ba Ta Shiga Kasafi Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar nan taki mai kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. Baba ya ce in gaya miki kin yi ƙiba a hoton da kika aiko, kuma wai kada ki yi musu.

Kada ki juya takardar ki tsorata da lambobin da ke bayanta, tsohon kasafin kuɗin fim ɗinmu ne. Kin san ni, ba na yar da takarda mai farin baya. A wurin aiki ma an daina kirana da sunana, Jan Biro suke ce min, don duk abin da darakta ya rubuta yana so sai na bi na soke rabi.

Ga albishir: Baba ya yarda zai fito a fim ɗin. Shekara arba'in yana wasan kwaikwayo a rediyo, kowa ya san muryarsa, ba wanda ya san fuskarsa. Darakta ya ce da muryar Baba aka yaye shi, shi ya sa ya rubuta masa matsayin wani tsohon tela da ɗansa ya tafi ya bar shi shekara ashirin. Tun da aka kawo masa takardun yake tsayawa gaban madubin marigayiya Inna yana gwada fuska, in na shigo ya wayance da gyaran hula.

Sai dai kaina ya yi zafi, Yaya. Mai kuɗin fim ya yi mana alkawarin miliyan tara, ana saura kwana goma mu fara ya ce shida yake da su. Sati guda na yi a ofis, fanka na kaɗa min takardu, ina yanka. Kwanakin ɗauka sun dawo goma sha biyu daga goma sha takwas. Mota biyu ta koma ɗaya. Doguwar wayar janareta ma na soke hayarta, gajeriyar da muke da ita ta isa.

Babban abin da na cire shi ne mai ɗaukar sauti, mutumin nan mai riƙe doguwar sanda da makirfo a kan 'yan wasa. Shi da kayansa dubu arba'in ne kullum, kwana goma sha biyu dubu ɗari huɗu da tamanin ke nan. In kuwa muka ɗauki hoto zalla, daga baya kowa ya shiga sutudiyo ya ɗora muryarsa a kai, kwana uku sun isa, dubu ɗari da tamanin. Ba ni na fara ba, haka da yawa suke yi. Darakta ya so in taɓa kuɗin ko-ta-kwana, dubu ɗari biyar da na ware saboda tsautsayi. Na ce masa ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai taɓa su.

Baba ne kawai ya ɗan ɓata rai. Ya ce muryar da aka ɗora daga baya ba ta da zufa. Na zana masa lissafin a bayan kwalin maganinsa na hawan jini, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, kai ka san lissafi." Ki sa mu a addu'a, jibi za mu fara.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Jan Biro

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin samu kin runtsa tun wayar da na yi miki ranar Asabar. Ki gaida maigida, ki gode masa da kuɗin magani. An sallamo Baba jiya. Yana cin abinci in an ba shi a baki, yana gane kowa. Ɓarin dama ne ya shanye. Magana kuma ta ɗauke, likita ya ce mu yi haƙuri, ke kin fi ni sanin abin da likita ke nufi in ya ce haka.

Akwai abin da bakina ya kasa faɗa miki a waya. Mun gama ɗauka ranar Alhamis. Na kama sutudiyo za mu shiga ranar Litinin, Baba ne na farko a jeri. Ranar Asabar da safe ya faɗi yana alwala. Kwana biyu, Yaya. Kwana biyu kacal suka rage ya ɗora muryarsa.

Da na bar asibiti ban je gida ba, wurin edita na nufa, wanda ke harhaɗa hoton. Kyamara tana da ɗan makirfonta a jiki, na ce ko ya kama wani abu. Muka buɗe fitowar Baba ɗaya bayan ɗaya, goma sha tara. Ga shi nan a shagon ɗinki, tabarau a kan hanci, awo a wuya, bakinsa na motsi. Abin da ake ji kuwa ƙugin janareta ne kawai. Wayar gajeriya ce, dole aka ajiye shi gindin taga. Hayar doguwar dubu goma sha biyar ce, ni na soke ta da hannuna.

Ba wannan ne ma ya fi ci min rai ba. A fitowa ta ƙarshe, inda ɗan tela ya dawo gida, Baba ya ajiye abin da aka rubuta masa ya yi magana daga ransa har minti uku. Darakta bai tsayar da shi ba. An ce da aka kashe kyamara ba wanda ya iya kallon wani, mai kwalliya ta fita da mayafi a fuska. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina waje ina sa'insa da mai kawo mana man janareta a kan lita biyu da na ce bai cika ba. Kuma na ci nasara, ya rage min.

Da muka hau mota ranar, Baba ya tambaye ni ko na ji. Na ce masa zan ji a sutudiyo.

Ban san yadda zan kalle shi ba yanzu. In na shiga ɗakinsa sai in tsaya gyara labule da jera magunguna, shi kuma idonsa na bina. Don Allah ki duba wayarki, ko akwai wani saƙon murya da ya taɓa aiko miki. Ko tari ne ina so.

Naki cikin damuwa,
Ƙaninki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara da makaranta? Na ga saƙon da kika tura, Allah Ya saka da alheri. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne, na ƙirga. "Lafiya lau. Ki gaida yara. To kashe, kuɗinki na tafiya." Na yi dariya har hawaye, na ce ashe a wurinsa na yi gado. Daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Na je gidan rediyon da ya yi wa aiki. Wani dattijo mai kula da ɗakin ajiya ya tashi tsaye da ya ji ko ni ɗan wane ne. Ya ce a zamaninsu kaset tsada gare shi, in an watsa shiri sai a ɗora sabo a kansa. 'Yan kaɗan da suka tsira rufi ya yi musu yoyo, ya nuna min su a kwali, sun manne da juna. Su ma tattali suka yi, irin nawa. Shekara arba'in, Yaya, abin da ya rage mana daƙiƙa goma sha ɗaya.

Fitowa goma sha takwas ba su da wuya, maganarsu na rubuce. Ta ƙarshen ce ta hana ni sukuni. Kullum in na idar da sallar azahar ina wurin edita, yana rage min gudun hoton ina kallon leɓen Baba. Na kalla ya fi sau ɗari. Ina tsintar "ɗana", ina tsintar "Allah", sauran gemu ya rufe. Akwai wata 'yar gajeriyar magana da ya maimaita sau uku a ƙarshe, na san motsinta kamar tafin hannuna, amma ban san me take cewa ba.

Na bi duk wanda yake ɗakin ranar. Mai kwalliya ta ce maganar matarsa da ta rasu ya yi. Mai kyamara ya rantse maganar keken ɗinki ce, wai yadda ya tsufa tare da shi. Darakta ya ce shi fuska yake kallo, ga ƙarar inji, ya bari a kan Baba zai maimaita a sutudiyo. Kowa ya yi kuka, ba wanda ya riƙe. Wanda ya fito a ɗan tela kuwa da bai faɗa min nasa ba da ya fi min. Ya ce shi bai ji daɗin fitowar ba, don Baba ba shi yake kallo ba. Bakin ƙofa yake kallo, inda na saba tsayawa da littafina.

Na kai wa Baba takarda da biro, na sa masa a hannun hagu. Ya yi ƙoƙari har goshinsa ya jiƙe. Layuka ne kawai karkatattu. Ya saki biron ya juya fuska bango.

Mai kuɗi yana son fim ɗinsa ƙarshen wata. Darakta ya kawo wani mai kwaikwayon murya, na saurare shi minti ɗaya na ce a sallame shi, ya mai da Baba abin dariya. Sai edita ya ce ai in na yi magana ƙasa-ƙasa muryata na ɗibar kama da ta Baba. Kin tuna yadda kike ruɗewa in na ɗauki wayarsa? Sun yanke shawara ni zan yi. Darakta har da zolaya, wai Jan Biro ya samu ɗan wasan da ba sai an biya ba. Ban iya ko murmushi ba.

Ki yafe min tsawon takarda. Ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ƙaninki

*

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Jikin Baba yana nan yadda yake, ba gaba ba baya. Ki gaida kowa.

Na yi aikin. Kwana uku ina cikin wani ɗan ɗaki mai soso a bango, na'ura a kunne, fuskar Baba a gabana ta cika allo. Ina buɗe baki in ya buɗe, ina rufewa in ya rufe. Inda ya ja numfashi na ja. Gaskiyarsa ce, Yaya, ba ta da zufa. Duk wanda ya san shi zai gane riga ce ta aro.

Fitowa ta ƙarshe ni na rubuta ta, tunda ba wanda ya san ta gaskiya. Na zauna na ƙirƙiri kalmomin da za su hau motsin bakinsa. A wurin gajeriyar maganar nan da ya maimaita sau uku na sa "na yafe maka". Ta hau leɓensa ba laifi. Ba zan ɓoye miki ba, abin da nake so in ji na sa masa a baki.

Shekaranjiya na rufe lissafi na kai wa mai kuɗi. Ba mu haura ko sisi ba. Kuɗin ko-ta-kwana suna nan cif, dubu ɗari biyar, tsautsayin da na tanadar musu bai zo ba. Sun isa su biya mai ɗaukar sauti na kwana goma sha biyu, da doguwar waya, har a samu canji. Mutumin ya tashi ya rungume ni, ya ce bai taɓa ganin mai riƙon amana irina ba, fim ɗinsa na gaba ni zan tsara masa kasafi. Na ce na gode. Da na fito na daɗe zaune a kan matakala.

Jiya da la'asar na kai wa Baba fim ɗin. Na jingina shi da filo, na ɗora kwamfuta a kan kujera. Yana ganin fuskarsa ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Da muryar ta fito sai ya lumshe ido, kin san yadda yake yi in yana auna shirin rediyo. Haka ya saurara har ƙarshe bai buɗe ba, ni kuma ina durƙushe gefen gado kamar mai jiran hukunci.

Da aka zo "na yafe maka" ya buɗe ido. Ya dube ni, ya girgiza kai a hankali, sau biyu. Ba fushi a fuskarsa, ni dai ban gani ba. Ya kama wuyan rigata da hannun hagu ya jawo ni har ina jin numfashinsa. Sai bakinsa ya fara motsi. Motsin nan ne, Yaya, shi ne dai wanda na kalla sau ɗari a wurin edita. Ya yi shi sau uku, yana kallon cikin idona. Ba janareta, ba mai sayar da mai, ba kowa a ɗakin sai ni da shi, kunnena a bakinsa. Iska ce kawai ta fito.

Na ce masa na ji, Baba. Ya san ƙarya nake yi. Ya sake ni.

Ki nemi hutu ki zo, don girman Allah. Kuɗin mota ina da su, kuɗi ba su ne matsalata ba yanzu. Ke kika fi ni zama da shi, ke ba ki taɓa ce masa za ki ji daga baya ba. Ki zo ki kalli bakinsa tun yana iya motsa shi, wataƙila ke ki gane.

Wassalam.
Ƙaninki, wanda ya san lissafi