Goyon Masara Biyu a Gaban Maryamu

Apapa, Ikko
18 ga Agusta, 1975

Zuwa ga Innata Laraba,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙanwata Tabita. Yaya damina a Sabuwa? Ni lafiya lau nake, muna ta sauke siminti daga jiragen ruwa. Ɗan tari ne kawai ƙurar ta sa mini, kada ki sa shi a ranki.

Ran Juma'a aka yi idin Uwa Maryamu. Na tuna yadda kike hana mu taɓa sabuwar masara sai an fara kai mata, sai na sayi goyo biyu a bakin titi na tafi coci. Inna, ashe a nan furanni ake kai mata. Ina ajiye masarata, mai gadin cocin ya ɗauke, ya ce nan ba kasuwa ba ce. Kunya ta rufe ni. Sai wata tsohuwa Bayarabiya ta karɓe daga hannunsa, ta mayar gindin ƙafafun mutum-mutumin Maryamu, ta dafa kaina yadda kike yi. Ban ji yarenta ba, amma sai da na share ido.

In gero ya nuna za ki kai mata na fari, ki ƙara zangarniya ɗaya da sunana. Ki kuma yi mata maganar ƙirjin nan nawa, don jiya da na yi tari na ga ɗan jini. Kada Baba ya ji tukuna. Kullum ina roƙonta, amma ke za ta fi saurara, tunda ta san yadda uwa ke ji in ɗanta ya yi nisa.

Ubangiji ya tsare mini ku.

Ɗanki,
Audi