Baƙon da ke neman duhu

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya iyali, ya jikin mai ɗakinka? Mu nan Goronyo lahiya lau, ruwan dam bai yanke muna ba, albasa ta yi kyau.

Ɗanka Nasiru ya dawo gida hutu da wani baƙo mai ƙaton madubin hangen nesa. Wai daga cibiyar binciken taurari yake, nan Abuja wajenku, yana son Nasiru ya je koyon aiki tun bai ƙare jami'a ba. Har na fara murna, sai mutumin ya tambaye ni wurin da ya fi duhu bayan gari, wajen Shinaka.

Na ce, "Malam, mi kaka nema cikin duhu a wanga zamani?"

Ya yi dariya, wai fitilu na ɓoye taurari. Na hana su fita, tun ran nan Nasiru gaisuwa kawai yake yi min.

Haruna, don Allah ka je ka ga cibiyar da idonka. In gaskiya ce, ni zan kai Nasiru tasha. In ba haka ba, gara ya yi fushi da ni yana gabana.

Ku sa mu addu'a. Gai da yara.

Yayanka,
Bello